Ganyen daji da ciwon jiki: abin da tsofaffi suka sani, da abin da masana suka auna

Lafiya uwar jiki. Manomin da ya wuni duƙe da kalme, da makiyayin da ya wuni yana jan wasaki bakin rijiya, da macen da ta yi sussuka da daka, duk sun san ciwon baya da ciwon gwiwa. Da kaka aikin yana ƙaruwa, ciwon kuma yana ƙaruwa. A ƙauyuka da yawa na Maraɗi, Damagaram da Tawa, gidan likita yana da nisa. Abin da ke kusa abu biyu ne: mai tallar ƙwayoyi ranar kasuwa, da ganyen da ke bayan gari.

To, shin ganye yana kwantar da ciwo da kumburi da gaske? Masana sun daɗe suna aunawa. Sun tarar ganyaye da yawa suna da wannan ƙarfi. Sun kuma tarar ƙarfin yana da iyaka. Ya kamata kowane magidanci ya san inda iyakar take.

Mene ne kumburi?

Idan ƙaya ta soki mutum, ko ya yi targaɗe, wurin yakan nuna alamu 4: ya yi ja, ya yi zafi, ya kumbura, ya yi ciwo. Wani marubucin ƙasar Rum ya lissafa alamun nan kusan shekara 2000 da suka wuce, kuma har yau su ake koya ma ɗaliban likita.

Kumburi aikin jiki ne na kare kansa. Da zarar nama ya ji rauni, sai hanyoyin jini na wurin su buɗe, jini ya kwararo da yawa. Shi ya sa wurin ke yin ja da zafi. Ruwan jini ya fita ya taru cikin nama, shi ne kumburin. Cikin ruwan nan akwai ƙananan dakarun jiki masu cinye ƙwayoyin cuta. Ciwon kuwa kashedi ne: yana hana mutum taka ƙafar da ta ji rauni har ta warke.

Jiki yana da wani sinadari da yake ƙerawa a wurin rauni. Masana suna ce mashi furostagilandin. Aikinsa kamar na mai shela ne: shi ke tara jini a wurin, shi ke tada jijiyoyi su ji ciwo. Idan shelar ta yi yawa, ko ta ƙi tsayawa, kamar yadda ake gani ga tsofaffi masu sanyin ƙashi, sai mutum ya wahala a banza. Nan ne ake neman abin da zai rage muryar mai shelar.

Asfirin ma daga icce ya samo asali

Akwai wani icce da ke tsirowa bakin gulbi a ƙasashen Turai, Faransawa suna ce mashi sol. Tun zamanin dā ana shan ɓawonsa da ganyensa don zazzaɓi da ciwon jiki. A shekarar 1763 wani limamin coci na Ingila mai suna Edward Stone ya rubuta yadda ya busar da ɓawon, ya daka, ya ba masu zazzaɓi wajen 50, suka ji sauƙi. A 1828 wani masani a Jamus ya fitar da sinadarin da ke yin aikin. A 1897 wani ma'aikacin kamfanin Bayer, Felix Hoffmann, ya haɗa irinsa mai tsabta a ɗakin bincike, kuma a 1899 aka fara sayar da shi da sunan Aspirin.

Mutane sun yi shekara fiye da 70 suna shan asfirin ba a gane yadda yake aiki ba. Sai a 1971 wani masani a Landan, John Vane, ya nuna cewa asfirin yana hana jiki ƙera furostagilandin. Aka ba shi babbar kyautar Nobel a 1982. Ke nan maganin da ke cikin akwatin kowane gidan likita, asalinsa sanin tsofaffi ne. Abin da masana suka ƙara shi ne awo: kowace ƙwaya ƙarfinta ɗaya da ƴar'uwarta.

Me ke cikin ganye?

Duk wanda ya tauna ganyen sabara ko na kalgo ya san baurinsa. Baurin nan na wani sinadari ne da ake kira tanin. Majema sun fi kowa saninsa, don shi ne ke cikin ƴaƴan bagaruwa da suke jeme fatar jar akuyar Maraɗi. Yadda yake ɗaure fata ya hana ta ruɓewa, haka yake tsuke naman da ya kumbura, ya rage tsatsafowar ruwa.

Akwai kuma wasu sinadaran da ake kira filabonoyid. Icce yana ƙera su don ya kare ganyensa daga zafin rana da ƙwari. A ɗakin bincike an ga wasunsu suna rage ƙera furostagilandin, wato suna bin hanyar da asfirin ke bi, ko da yake ƙarfinsu bai kai nasa ba.

Tafasa ganye, ko jiƙa shi, ko daka shi a tace, duk dabarar fitar da waɗannan sinadarai ce zuwa cikin ruwa. Abin da tsohuwa ke yi da tukunya, shi masani ke yi da kwalabe.

Yadda masana ke aunawa

Gani ya kori ji. Masu bincike ba su tsayawa ga "an ce". Ga yadda suke yi a jami'o'i irin na Yamai, Zariya, Sakkwato, Wagadugu, Bamako da Dakar.

Da farko sukan tambayi bokaye da ungozomomi da tsofaffi wane ganye suke ba mai ciwo. Sai su tsinko shi, su kai ma masanin itatuwa ya tabbatar da sunansa, don icce ɗaya yakan yi suna uku a gari uku. Sai a shanya ganyen a inuwa, a daka, a jiƙa shi cikin ruwa ko cikin alkol. A tace, a ƙafar da ruwan. Abin da ya saura a ƙasan kwano, baƙi-baƙi mai danƙo, shi ne tsantsar ganyen. Ita ake aunawa da sikeli.

Daga nan sai a kawo fararen ɓeraye da ake kiwo don wannan aiki. A raba su kashi-kashi. Kashi na farko a ba su ruwa zalla. Kashi na biyu a ba su maganin likita da aka riga aka sani, kamar asfirin. Sauran a ba su tsantsar ganyen, wasu kaɗan, wasu da yawa, kowane ɓera gwargwadon nauyinsa.

Don auna kumburi, sai a yi ma kowane ɓera ƴar allura a tafin ƙafa da wani abu da ake samu daga ciyawar teku, mai sa kumburi. A riƙa auna ƙafar kowace awa, har awa 5 ko 6. Wannan dabara tun 1962 ake amfani da ita. Don auna ciwo kuwa, akan ɗora ɓera bisa faranti mai ɗumi, a ƙirga daƙiƙa nawa zai yi kafin ya lashi ƙafarsa ko ya yi tsalle, a ɗauke shi nan take. Wanda magani ya kama shi yakan daɗe bai motsa ba.

Idan ƙafar ɓerayen da suka sha ganye ba ta kumbura kamar ta waɗanda suka sha ruwa zalla ba, an san ganyen ya yi aiki. Kashin da ya sha ruwa zalla shi ne shaida. Ba don shi ba, ba a iya rarrabe aikin ganye da sauƙin da jiki ke samu da kansa. A ƙarshe akan ba wasu ɓeraye tsantsar mai yawa ƙwarai, a duba hantarsu da ƙodarsu, don a ga ko tana da dafi.

Ganyayen da aka sani a karkara

A shekarar 1980 aka buga wani littafi a Paris bisa itatuwan magani na ƙasar Nijar. Wani masanin itatuwa ɗan ƙasar Benin, Edouard Adjanohoun, shi ya shugabanci aikin, tare da masu maganin gargajiya na ƙasa. Tun daga lokacin an gwada da yawa daga cikin itatuwan nan.

Sabara. Babu gonar tudu da ba ta da ita. Ana tafasa ganyenta don tari da ciwon ciki, ana sa ta cikin ruwan wankan jego. Gwajin da aka yi da ɓeraye a Najeriya ya nuna tsantsar ganyenta tana rage ciwo da kumburi.

Dogon yaro. Asalinsa ƙasar Indiya ne. Shi aka dasa layi-layi a kwarin Majiya, cikin ƙasar Buza, tun daga 1975 don tare iska. A 1981 wasu masana na Najeriya suka buga sakamakon gwajin da ya nuna ganyensa da ɓawonsa suna rage kumburi da zazzaɓi ga dabbobin gwaji. An yi irin wannan gwaji sau da yawa a Indiya.

Zogale. Shi abinci ne tun kafin ya zama magani, kowa ya san kwaɗonsa. An gwada ganyensa a ƙasashe da dama, an ga yana rage ciwo da kumburi ga ɓeraye. Saiwarsa da ɓawonsa kuwa ba kamar ganyen suke ba, suna da ƙarfi mai cutarwa, mace mai ciki ta nisance su.

Geza. Mutanen Senegal da Mali suna ce mata kinkeliba, suna shan ganyenta kamar shayi. Ita ma an ga tana rage kumburi ga ɓeraye. A Bamako akwai ma'aikatar gwamnati ta maganin gargajiya da ta auna ganyen geza, ta ƙunsa shi cikin ƴan takardu da awo, ana sayarwa a kantunan magani don matsalar hanta da narkewar abinci. Haka ta yi ma ganyen filasko don bushewar ciki.

Ɓera ba mutum ba ne

Nan ne ya kamata a saurara da kyau. Yawancin gwaje-gwajen nan a jikin ɓeraye aka yi su. Ɓera bai kai rabin kilo ba, gwajin kuma na ƴan awoyi ne. Tsohon da ya shekara 10 da ciwon gwiwa daban yake. Kuma tsantsar da ake ba ɓera ta fi ruwan tukunya ƙarfi nesa. Gwajin da aka yi a jikin mutane kaɗan ne ƙwarai idan aka gwada da na dabbobi.

Ga ɗaya daga cikinsu. A ƙasar Jamus an tara mutum 81 masu ciwon gwiwa, aka raba su kashi 3. Kashi ɗaya suka riƙa murje ganyen kabeji, wanda masu lambu ke ce ma shu, suna ɗaura shi a gwiwa aƙalla awa 2 kowace rana. Kashi na biyu suka riƙa shafa man likita mai suna diklofenak. Kashi na uku suka ci gaba da abin da suka saba. Bayan sati 4, masu ɗaura ganye sun fi kashi na uku samun sauƙi, amma ba su fi masu man likita ba. An buga labarin a 2016. Ganyen ya sassauta ciwon. Gwiwar da ta goge kuwa tana nan yadda take.

Wata wahalar ita ce awo. Ganyen damina da na rani ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Na tudu da na fadama ba ɗaya ba ne. Ɗanye da busasshe ba ɗaya ba ne. Cikin hannun ƙato da na tsohuwa ma ba ɗaya ba ne. Shi ya sa ganye ɗaya yakan yi ma wani aiki, wani bai ji komi ba, wani kuma ya sa shi amai.

Labarin tafashiya da shanun noma

Masana ma sukan yi tuntuɓe, shi ya sa suke bin sawun juna. A 2013 wasu masu bincike na Faransa da Kamaru suka ba da labarin da ya ba duniya mamaki. Suka ce sun tarar da tramadol, wato ƙwayar nan da ake ce ma tiramol, cikin saiwar tafashiya a arewacin Kamaru. Aka yi ta cewa ga icce yana ƙera maganin da kamfani ke ƙerawa.

A 2014 wasu masana na Jamus, tare da ƴan Kamaru, suka koma suka sake aunawa. Suka ga tafashiyar kudancin ƙasar ba ta da ko ɗigo. Ta arewa ce kaɗai ke da shi, kuma akwai shi cikin ƙasa da ruwa da saiwar wasu itatuwa na daban. Da suka tambayi manoma sai aka gaya masu: mutane na shan tiramol don aikin gona, suna kuma ba shanun noma don kada su gaji. Shanun sukan huta a inuwar itatuwa, su yi fitsari, saiwa ta tsotse. A 2016 wani awo na daban ya ƙara tabbatar da cewa ƙwayar ta kamfani ce.

Labarin nan ya nuna awo ɗaya ba ya isa. Ya kuma nuna yadda ƙwayar ta yi yawa a karkara, har ƙasa ta sha.

Ƙwayoyin kasuwa

Tiramol maganin ciwo mai tsanani ne, lokotoro kaɗai ya kamata ya rubuta shi. Ba ya ƙara ƙarfi, ɓoye gajiya yake yi. Wanda ya saba da shi ba ya iya bari cikin sauƙi, kullum sai ya ƙara. Yana kada mutum kamar mai farfaɗiya, yana iya tsaida numfashi. San da aka ba shi yakan yi aikin da ya fi ƙarfinsa har ya lalace.

Asfirin da diklofenak da ibuprofen su ma suna da nasu haɗari. Furostagilandin ɗin nan da suke hanawa, shi ne kuma ke kare tumbi daga tsamin da ke narka abinci. Wanda ke shan su kullum, ba da abinci ba, yana iya samun gyambon ciki har da aman jini. Suna kuma wahal da ƙoda, musamman ga wanda ya wuni cikin rana bai sha ruwa isasshe ba. Ba a ba yaro mai zazzaɓi asfirin. Ƙwayar da ta wuni cikin rana bisa tire, ba takarda, ba kwanan wata, ba mai iya lamunce abin da ke cikinta.

Ganye ma yana da dafi

Masu cewa "ai ganye ne, ba ya komi" sun manta da zaƙami, wanda ke haukata mutum har ya kashe. Akan ɗumama ganyen tumfafiya a ɗaura bisa kumburi, amma farin ruwanta idan ya shiga ido yana dushe gani, kuma ba a shan sa. Man ƴaƴan dogon yaro ya kashe jarirai a Indiya da Maleshiya bayan an ɗura masu shi. Ruwan ganyen dogon yaro mai kauri, idan aka daɗe ana sha, yana iya taɓa hanta da ƙoda. Duk abin da ke da ƙarfin yin magani yana da ƙarfin yin ɓarna.

Wanda zai yi amfani da ganye ya kiyaye waɗannan:

1. Ya tabbatar da iccen. Idan yana shakka, ya tambayi wanda ya sani.
2. Kada ya tsinko daga gonar da aka fesa ma maganin ƙwari.
3. A wanke ganye, a tafasa da ruwa mai tsabta, kada a sha wanda ya kwana.
4. Gashi da ɗauri bisa fatar da ba ta fashe ba sun fi sha sauƙin haɗari. Ba a sa dakakken ganye cikin buɗaɗɗen rauni, ko ido, ko kunne, ko cibiyar jariri.
5. Kada a haɗa ganye iri-iri a tukunya ɗaya, kada kuma a haɗa da ƙwayoyi.
6. Mace mai ciki ta tambayi likita tukuna. Jaririn da bai kai wata 6 ba, nonon uwa kaɗai ya ishe shi, ba ɗauri, ba jiƙo.
7. Idan an kwana 2 ko 3 ba sauƙi, a tafi gidan likita, a kuma faɗi ganyen da aka sha ba ɓoyo.

Ciwon da ba a jira da shi

Babban haɗarin duk wani maganin ciwo, na daji ko na kanti, shi ne ya rufe bakin mai shela alhali wuta na ci. Mutum ya ji sauƙi ya koma gona, cuta kuwa tana ƙara shiga. Akwai alamun da idan an gan su, amalanke za a ɗaura, ba tukunya za a ɗora ba:

Ciwon kai mai tsanani da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, musamman da bazara. Wannan alamar sanƙarau ce, yana kisa cikin kwana ɗaya ko biyu.

Yaro mai zazzaɓi. A kai shi a auna jininsa don zazzaɓin cizon sauro. Idan yana suma ko ya kasa shan nono, a yi gaggawa ko da dare ne.

Mace mai ciki da fuskarta da hannuwanta suka kumbura, tana ciwon kai, tana ganin duhu-duhu.

Ciwon ciki mai tsanani, cikin ya yi tauri, ana amai.

Kumburi mai ruwa ko mugunya da zazzaɓi, ko wanda ke hawa sama daga rauni.

Saran maciji, cizon kare, da rauni mai zurfi na ƙarfe ko ƙaya.

Ƙaramin yaro da hannuwansa da ƙafafunsa ke kumbura suna ciwo lokaci-lokaci. Yana iya zama amosanin jini, a auna shi.

Haka yake ga bisashe. Targaɗe da gogar igiya a wuyan sa ana iya gasa su a gida. Amma idan ɗan maraƙi ya wayi gari da ɗingishi, cinyarsa ko kafaɗarsa ta kumbura, in an danna tana ƙara kamar busasshen ganye, wannan harbin daji ne. A ware shi, a kira likitan dabbobi. Bisar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko ta baya, ba a feɗe ta, ba a cin namanta. Allurar rigakafi ta kowace shekara ita ce maganin waɗannan.

A bar kututture ya tofo

Magani ba ya samuwa inda icce ya ƙare. Bayan farin 1973 da na 1984 gonaki da yawa sun zama fili fetal. Daga 1983 aka fara sassaben zamani a jihar Maraɗi: manomi ya bar kututturen sabara, kalgo ko geza ya tofo, ya zaɓi rassa masu ƙarfi ya bari, ya sare sauran. Bayan shekara 20 da ɗoriya masana suka ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo bisa eka ta hekta miliyan 5 a kudancin Nijar.

Mai neman magani shi ma yana da nasa rabon aikin. Ganye in an tsinka yana sake tofowa. Iccen da aka kewaye ɓawonsa, ko aka tone saiwarsa duka, ya mutu ke nan. A tsinki gwargwadon bukata, a bar ma na baya. Matasa kuma su zauna da tsofaffin da suka san itatuwan nan tun suna raye, su riƙe sunan kowane ganye, da lokacin tsinkarsa, da wanda ba a ba shi.

Ganye ya isa ya sassauta ma manomi gajiyar baya da ciwon gwiwa har ya kai hatsinsa rumbu. Ciwon da ya zo da zazzaɓi, ko ya ƙi tafiya bayan kwana 3, na likita ne. In kunne ya ji, jiki ya tsira.